Matashin lauyan da ke ofishin alƙali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wani ma'aikaci da yawancin masu zuwa kotu ba su san da shi ba, alhali kuwa hannunsa na cikin hukuncin da ake karanta musu. Ba rajistara muke nufi ba, ba kuma akawun da ke kiran ƙara ko mai kai sammaci ba. Muna nufin matashin lauyan nan da ke zaune a ofishin alƙali, yana karanta fayil, yana tono hukunce-hukuncen baya, yana rubuta wa maigidansa taƙaitaccen bayani kafin a shiga zama. Manyan kotunan ƙasar nan sun soma ɗaukar irinsu a matsayin mataimaka kan bincike, kuma yawansu ƙaruwa zai yi, domin shari'u sun yi wa alƙalai yawa. Duk sa'ad da aka tayar da zancensu a cikin lauyoyi, tsoro ɗaya ake ambata: kada yaro ya riƙa rubuta hukunci, alƙali yana sa hannu. Tsoron yana da tushe. Amma abin da tarihin aikin ya nuna shi ne, tasirin da alƙali ke yi a kan yaron ya fi ƙarfi kuma ya fi daɗewa, kuma shi ne ba wanda ke yi wa tsari.

A Amurka aka fara abin a sifar da aka san shi yau. A 1875 Horace Gray, wanda ke shugabantar babbar kotun jihar Massachusetts, ya ɗauki wani da bai daɗe da gama karatun lauya a Harvard ba, yana biyan sa daga aljihunsa. Ɗan uwansa John Chipman Gray malami ne a makarantar, shi ke zaɓo masa ɗalibi mai ƙwazo. Da Gray ya koma Kotun Ƙolin Amurka a 1882 sai ya tafi da al'adar. Sai a 1886 majalisar dokoki ta ware dala 1,600 a shekara domin kowane alƙali ya ɗauki magatakarda mai rubutu, a 1919 kuma aka ƙara musu gurbin mataimaki masanin shari'a. Oliver Wendell Holmes, wanda ya gaji kujerar Gray a 1902, ya ci gaba da karɓar sabon yaro kusan kowace shekara. Ƙofar ba ta buɗe wa kowa da wuri ba. Mace ta farko, Lucile Lomen, sai a 1944 ta shiga, baƙar fata na farko, William Coleman, sai a 1948. A 1960 ma Mai Shari'a Felix Frankfurter ya ƙi ɗaukar Ruth Bader Ginsburg saboda mace ce, ita da daga baya ta hau kujerar kotun da kanta.

A yau kowane alƙali a Kotun Ƙolin Amurka yana ɗaukar mataimaka huɗu, kowa shekara guda. To a duba inda suke ƙarewa. Louis Brandeis yaron Gray ne, ya zama alƙalin Kotun Ƙoli. Dean Acheson yaron Brandeis ne, ya zama sakataren harkokin waje. John Roberts ya yi wa William Rehnquist aiki daga 1980 zuwa 1981, a 2005 yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, a wannan watan kuma ya gaje shi a shugabancin kotun. Brett Kavanaugh ya gaji maigidansa Anthony Kennedy a 2018, Ketanji Brown Jackson ta gaji nata maigidan, Stephen Breyer, a 2022. Neil Gorsuch har zama ya yi a benci ɗaya da Kennedy. Idan aka haɗa da Elena Kagan, wadda ta yi aiki da Thurgood Marshall, da Amy Coney Barrett, wadda ta yi da Antonin Scalia kuma ta faɗi a fili cewa hanyarsa ta fassara doka ita ce tata, mutum shida ke nan cikin tara. Shekara ɗaya tak a ofishin mutum, amma salon karanta doka, da yadda ake yi wa lauya tambaya, har da irin jimlolin da ake rubutawa, suna bin yaro shekara talatin. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Shi kuwa tasirin yaro a kan alƙali, akwai labarin da ke auna shi da kyau. A 1952 Rehnquist yana aiki da Mai Shari'a Robert Jackson, lokacin da ake sauraron ƙarar raba makarantun farare da baƙaƙe. Ya rubuta masa takarda yana cewa tsohon hukuncin 1896 da ya halatta wariyar daidai ne, a tabbatar da shi. A 1954 Jackson ya bi sauran alƙalai takwas aka rushe wariyar. Takardar ba ta juya alƙali ba, mai ita ta dawo wa: a 1971, da za a tantance Rehnquist domin kujerar Kotun Ƙoli, aka zaro ta, ya ce ra'ayin Jackson ya rubuta ba nasa ba, maganar da masana da yawa ba su gamsu da ita ba har yau. Inda alƙali ya karanta fayil da kansa, yaro ba ya iya karkata shi. Inda hannun yara ke da nauyi shi ne inda alƙali ba ya karantawa. Tun 1972 yawancin alƙalan wannan kotu suka haɗa mataimakansu wuri ɗaya suna raba musu dubban takardun neman izinin ɗaukaka ƙara, mutum ɗaya ya rubuta bayani ɗaya da alƙalai da dama za su dogara da shi, alhali ƙararrakin da ake amsa a saurara yanzu ba su kai ɗari a shekara ba. A nan ne yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai iya binne ƙarar mutum da layi uku.

Birtaniya ta daɗe tana ɗari-ɗari da tsarin, sai a 1997 kotun ɗaukaka ƙararsu ta fara ɗaukar mataimaka. A Jamus kuwa, kotun tsarin mulki tana da majalisu biyu na alƙalai, amma saboda nauyin aikin mataimakan har ana yi musu kirari da majalisa ta uku. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu tana tallata guraben a fili, har 'yan ƙasashen waje suna nema.

Mu a Kano bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin baƙon abu ba. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu suka karanta sun yi maganarsa tun da daɗewa. A babin alƙalanci na Mukhtasar, Shehu Khalil ya ce alƙali ya naɗa magatakarda adali, ya zaɓe shi da kansa, ya kuma halarto da malamai ko ya shawarce su. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami a farkon ƙarni na 19, saboda mutanen garin sun nemi ya bayyana musu yadda ake tafiyar da hukunci. A kotunan alƙalai na zamanin En'e akwai muhti, mai zama kusa da alƙali, yana rubutu, yana duba littafi, kuma daga cikin muhtai ake samun alƙalan gobe. Da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ba a daina wannan zama a gaban manya ba. Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya fito daga wannan makaranta, ya yi wa Alƙali Attahiru rubutu a Sakkwato, a 1962 ya zama shugaban alƙalan Shari'a na Jihar Arewa. Bayan da gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, ma'aikacin kotu ya koma ma'aikacin gwamnati mai jiran ƙarin girma, hanyar koyo ta zama kusa da alƙali ta yi rauni, ba a kuma kafa wata a gurbinta ba.

Ga kuma abin da ya sa ba makawa sai an nemi mataimakan. Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan an rufe shaida da jawabin ƙarshe, da kwana 7 ta ba ɓangarori kwafi. A shari'ar zaɓe, sashe na 285 ya ba kotun sauraron ƙorafi kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Alƙalai da yawa a manyan kotunanmu har yanzu da biro suke rubuta duk abin da shaida ya faɗa, tun safe har bayan azahar, sannan su ɗauki fayil su tafi da shi gida. Mutumin da ke haka ba shi da lokacin bin kowane hukunci da lauya ya kawo masa ya ga ko gaskiya ne abin da aka ce ya ce.

To mene ne ainihin aikin? Fayil na zuwa, abu na farko shi ne hurumi, tun kafin a karanta labarin rigimar. A duba ranar da aka yanke hukuncin da ake ƙalubalanta da ranar da aka shigar da takardar ɗaukaka ƙara: zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 14 ne idan hukuncin tsakiyar shari'a ne, wata uku idan na ƙarshe ne a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a shari'ar laifi. A duba wanda ya sa hannu a takardar, domin tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauya ba ta da inganci. A duba shaidar an kai wa ɗaya ɓangaren sammaci. Shari'ar da aka shekara biyar ana yi tana iya rushewa a kan ɗayan waɗannan ukun, kuma dubawar ba ta kai awa ɗaya ba.

Daga nan sai jeranta abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, kowane da lambar shafin da yake a kundin shari'a. Wannan lambar shafi ita ce ke raba mataimaki na gari da mai ɓata wa alƙali lokaci, domin ita ke ba alƙali damar buɗewa ya gani da idonsa. Sai hujjojin da aka karɓa, a ga wanne aka yi wa suka, me kotu ta ce. Idan hoton saƙon WhatsApp ne ko takardar banki da aka fitar daga kwamfuta, a ga ko an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Sannan a zo kan hukunce-hukuncen da lauyoyi suka kafa hujja da su. Nan ne aikin yake da nauyi, nan ne kuma aka fi yin ha'inci. Kowane hukunci sai an buɗe shi, a NWLR ne ko a LPELR, wato kundayen da ake wallafa hukunce-hukuncen manyan kotunanmu, an karanta shi gaba ɗaya, ba taƙaitawar da mawallafa ke sawa a farko ba. Sau da yawa jimlar da lauya ya ɗauko ta fito ne daga bakin alƙalin da ya saɓa wa rinjaye, ko magana ce da aka yi a gefe wadda ba a gina hukunci a kanta ba, ko kuma Kotun Ƙoli ta riga ta sauka daga kanta. Yanzu ga manhajojin da ke rubuta wa mutum komai sun shigo. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro, babu su ko kaɗan. Mataimakin da bai saba buɗe littafi ba, irin wannan za ta wuce shi har ta shiga hukunci.

A ɓangaren Shari'ar Musulunci aikin ya ma fi buƙatar ido. Kundin kotun ƙasa da Hausa yake, nassoshin da Larabci, idan kuma ƙara ta wuce zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara sai an mayar da shi Turanci. Kowane mataki wuri ne na zubewar ma'ana. Furucin da miji ya yi wajen saki, ko kalmar da mai iƙirari ya yi amfani da ita, dole a koma asalin Hausar a gani. Nassin da aka ɗauko daga Tuhfa, littafin Malikiyya a kan alƙalanci, ko daga sharhin Mukhtasar a nemo shi a littafin, a rubuta juzu'i da shafi da bugun da aka duba, domin shafukan bugun Masar da na Beirut ba sa haɗuwa. Lissafin gado kuwa a sake shi daga tushe. A ɗauki mace da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye, dukiya naira miliyan bakwai. Miji yana da rabi, su suna da biyu bisa uku. Asalin mas'ala shida ne, wato a kasa dukiyar kashi shida, amma ukun miji da huɗun su bakwai ne, don haka sai a yi auli, wato a kasa ta kashi bakwai, rabon kowa ya ragu: miji miliyan uku, su miliyan huɗu. Wanda ya fara cire wa miji rabi ya ba shi miliyan uku da rabi ya zalunci matan da naira dubu ɗari biyar, kuma a takarda lissafinsa zai yi kama da daidai.

Abin da duk wannan ke haifarwa shi ne bayani na shafi biyar zuwa goma: ga batutuwan, ga abin da kowane ɓangare ya ce, ga dokar, ga inda hujjar kowa take da rauni. A ra'ayinmu iyakar ke nan kafin alƙali ya yanke shawara. Ko shaida gaskiya ya faɗa ko ƙarya, wannan na wanda ya kalli fuskarsa ne, ba na wanda ya karanta takarda ba. Bayan alƙali ya tsayar da matsayarsa yana iya ba yaro ya tsara sashen tarihin ƙara, amma dalilan hukunci da umarnin ƙarshe shi zai rubuta. Mataki na ƙarshe, wanda aka fi rainawa, shi ne gwada kwafin da za a buga wa hatimi da abin da aka karanta a kotu, layi bayan layi. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A Nuwamban 2023, kwafin hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar zaɓen gwamna ya fito da sakin layi da ya ci karo da abin da aka karanta a zaure, kotun ta ce kuskuren rubutu ne, gari ya ɗauki zafi har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 12 ga Janairun 2024. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba. Muna cewa ne shafukan ƙarshe na hukunci su ne ya kamata mutum biyu su karanta da ƙarfi kafin a sa hatimi.

Yanzu a dawo kan alƙalin. Yaron da ya ga maigidansa yana shiga zama ƙarfe tara, yana ƙin ganin mai ƙara a ofis ba tare da ɗaya ɓangaren ba, yana mayar masa da daftari cike da jan biro har sau uku, yana kuma yarda a yi masa gardama a kan doka a bayan ƙofa, wannan yaro ya sami abin da makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ba ta koyarwa. Wanda kuma ya ga ana ɗage shari'a saboda ɗaurin aure, ana kwafe jawabin lauyan da aka so a mayar da shi hukunci, ana amsa wayar manya a gabansa, shi ma ya koya, kuma zai koyar. Tsarin mulki ya ce shekara 10 da zama lauya ake iya naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu. Ke nan wanda ke ɗauko wa alƙali littafi bana, nan da shekara goma da 'yan kai yana iya zama shi ake miƙe wa. Kuma saboda yaro ba shi da wani mai yi masa shaida sai maigidan, ba ya iya buɗe baki idan an cuce shi. A Amurka sai a Disamban 2017, bayan da Mai Shari'a Alex Kozinski ya ajiye aiki sakamakon zarge-zargen da wasu mata suka yi masa, cikinsu har da tsofaffin mataimakansa, aka gyara littafin ƙa'idar aikin aka fayyace cewa riƙe sirrin kotu bai hana kai ƙarar cin zarafi ba.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kano, da Babban Joji, da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, su rubuta wa wannan aiki ƙa'ida tun bai yi yawa ba. A tallata gurbi a fili. A yi jarrabawa ta aiki, wato a ba mutum tsohon fayil da awa uku ya fitar da bayani, kwamiti ya tace, alƙali ya zaɓa daga cikin waɗanda suka tsallake. Idan aka bar wa kowane alƙali ya kawo nasa, 'ya'yan abokai ne za su cika wurin, ɗan talakan da ya fito da sakamako mai kyau daga Jami'ar Bayero ba zai ma ji labari ba. A ware gurabe ga masu digirin da ya haɗa Shari'a da dokar zamani, domin su ne ke iya karanta kundin Hausa da nassin Larabci da hukuncin Turanci a zama ɗaya, a kuma tabbatar mata sun samu.

Wa'adi ya zama shekara biyu, ba sabuntawa. Shekara ɗaya ta yi kaɗan a nan, saboda shari'unmu suna jan lokaci, kafin yaro ya gane kan fayil ya tafi. Abin da ya wuce biyu kuma shi ke haifar da ɗan fada, wanda lauyoyi suka san ta wurinsa ake bi. Muna ma ganin a raba wa'adin gida biyu, shekara guda a wurin wani alƙali, guda a wurin wani, domin wanda ya ga hannu biyu ya fi iya rarrabe abin da yake doka da abin da yake halin maigida. Albashi ya fito daga kasafin ma'aikatar shari'a, ba daga aljihun alƙali ba, kuma ya isa, domin mutumin da ya san hukunci mako guda kafin a karanta shi, aljihunsa kuma babu komai, an jefa shi cikin jarrabawa. Ya sa hannu a takardar riƙe sirri, ya bayyana duk fayil ɗin da ya shafi danginsa ko ofishin lauyoyin da ya fito, a cire hannunsa daga ciki. Kada daftari ya bi ta WhatsApp ko ya kwana a wayar kowa. Ko Kotun Ƙolin Amurka, da duk tsaronta, daftarin hukuncinta a kan zubar da ciki ya fita a Mayun 2022, binciken da ta yi bai gano wanda ya fitar ba. Bayan ya bar aiki, a hana shi bayyana a gaban tsohon maigidansa na tsawon shekara biyu, a kuma hana shi har abada taɓa shari'ar da ya yi aiki a kanta. Sannan a sanya wani babban alƙali, wanda ba shi ne maigidan ba, da mataimaki zai iya kai wa kuka ba tare da takardar shaidarsa ta lalace ba.

Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da ke Abuja tana shirya wa mataimakan bita. Muna ba da shawarar a haɗa da su kansu alƙalan da za a ba yaran, ko da zaman yini ɗaya ne, a kan abin da ake ba mataimaki da abin da ba a ba shi, kuma kada a tura wa alƙali sabon yaro sai an ji daga bakin wanda ya gama.

Wassalam.

Daga wasu lauyoyi da malaman shari'a,
Kano.